Girebar da Aka Ce a Ba Awaki

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu hatsi ya kuma hore mana wutar gasa shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ƙaramin abu ne ya sa na zauna rubutun nan. Ana saura kwana uku sallar bana, mai babur ya yi sallama a ƙofar gida da kwali ɗaure a bayansa. Ashe matan 'ya'yana ne suka sayi kayan sallah ta waya: cincin da kek da gireba, kowanne cikin roba mai murfi. Suka kawo mini na gani. Na ɗauki gireba ɗaya na karya, na same ta fari fat daga sama har ƙasa, ba inda wuta ta taɓa, ba ko alamar hayaƙi. Suka ce, "Hajiya, ai yanzu an huta da wahala." Na ce Allah ya ƙara musu hutu, ni dai a fito mini da tukunyata da yashina. Suka yi dariya, suna tsammanin wasa nake. Sai da suka ga na ɗaura ɗankwali na ja kujera gaban murhu sannan dariyar ta tsaya. Ban hana kowa cin na roba ba, amma muddin hannuna na motsi, ba a yin sallah a gidan nan ba tare da an ji ƙamshin yashi mai zafi ba. Ina da dalili, kuma shi zan faɗa.

A gidanmu na Jega, ƙarar turmi ce ke fara sanar da mu sallah ta matso, tun kafin a fara maganar wata. Da azumi ya wuce ashirin da biyar sai unguwa ta ɗauka, wannan gida na dakan shinkafar nakiya, wancan na dakan sukari, don sukarin lokacin mai tsakuwa ne, sai an daka an tankaɗe kafin ya yarda ya shiga gari. Daga ƙarar taɓarya muna gane gidan da ake aiki, har mu gane wadda ke dakan. Yau ka ratsa unguwar nan a jajibirin sallah, ba abin da za ka ji sai janareta. A gidanmu kuwa gireba ce aikin, kuma mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ce mai ita. Kayan haɗinta ba su da yawa, fulawa ce da sukari da man gyaɗa da riɗi. Man sai an tafasa shi ya huce don gafin gyaɗa ya fita. Ko'ina albasa ake jefawa a mai don kashe gafin nan, amma Inna ba ta yarda albasa ta kusanci man gireba ko da wuƙar da aka yanka ta ce. Kanumfari take jefawa, ƙwaya bakwai. A murza garin da mai har ya riƙa damƙuwa a tafin hannu, a barbaɗa riɗi a gindin ƙaramin ludayi, a danna garin a ciki da babban yatsa, a kife a faranti. Aikina ke nan tun ina 'yar ƙarama, danna da kifewa, har yatsana ya yi kanta.

Gashin shi ne inda ake gane mace. A samu babbar tukunyar ƙarfe, a zuba mata yashin gulbi wanda aka wanke aka shanya, a ɗora kan wuta har yashin ya ɗauki zafi. Sai a ɗora farantin gireba a kan yashin, a rufe da faffaɗan murfi, a kwaso garwashi a zuba a kan murfin. Wuta ƙasa, wuta sama. Ba agogo a tsakar gidanmu, da carbi Inna ke auna lokaci. Tana rufe tukunya sai ta fara salati, ba ta buɗewa sai ya cika ɗari uku. In aka yi mata magana a tsakani, hannu kawai take ɗagawa. Takan ce wadda ta leƙa tukunya kafin salati ya cika, ɗanyen gari za ta ba baƙinta. In an gama, mahaifina ya rubuta sunayen gidajen da za a kai wa kwano a 'yan takardu da tawadar allo, ni kuma in karanta in ɗora kowace takarda a kan murfinta. Gidan da kwanonmu bai je ba sai an aiko tambaya ko lafiya.

Aurena ya zo a shekarun farko da aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Kashin Zama aka kai ni, cikin ƙasar Aliero, gidan manoman albasa. A cikin kayan ɗakina Inna ta sa tukunyar ƙarfe da ƙaramin buhun yashi. Matan da suka zo ganin ɗaki suka buɗe buhun suka yi ta shewa, wai mutanen Jega sun kawo amarya da guzurin ƙasa, ko tsoro suke kada ta rasa wurin taimama. Amarya kuwa ba ta da baki. Abin da ya fi damuna a makonnin farko shi ne warin garin. Albasa a gona, albasa a zaure, albasa a rigar maigida, har ruwan randa sai in ji kamar da ita aka jiƙa shi. Na yi ta atishawa, idona na ruwa. Uwar mijina, wadda kowa a gidan har 'ya'yanta ke kira Gwaggo, ta ce in ba shi wata biyu. Gaskiyarta kuwa. Kafin azumi ya kama, hancina ya mutu. Na daina jin komai, har na ɗauka garin ne ya daina wari.

A gidan ba mai gashi. Sallarsu tuwon shinkafa ce da miya da nakiya. Na roƙi Gwaggo ta bar ni in yi gireba a sa cikin kwanonin da za a fitar a sallar shekarar. Ta yarda, ta kuma ba ni mai daga gyaɗar da ta matse da hannunta. Ba ta tsaya nan ba, duk wadda ta shigo gidan sai ta gaya mata bana za su ci abin Jega. Kafin in ankara rabin gari ya sani. Azumi na da sha biyar maigida ya sawo mini fulawa daga kasuwar Jega. Lokacin zafi ne sosai, ɗakina kuma ga tururuwa ga ɓera. Na duba gidan kaf, ban ga wuri mai sanyi da iska da tsabta kamar ɗakin da aka baza albasar da aka cire ba, don kullum sai an share shi, ɓera kuma ba ya zama ciki. Na ɗora buhun fulawata a kan benci a tsakiyar albasa, na ja ƙofa, ina yaba wa kaina dabara. Kwana goma sha huɗu ta yi a wurin.

Ranar ashirin da tara ga azumi na tashi da aiki tun bayan asuba. Na daka sukari, na wanke riɗi, na tafasa mai da kanumfari bakwai kamar yadda na gani a gida. Matan maƙwabta suka jeru a bakin danga suna kallon yadda ake dafa ƙasa a tukunya. Na rufe, na zuba garwashi, na ja carbina. Da salati ya cika na ɗaga murfi, sai ga su sun tsage a sama kaɗan, gindinsu ya yi ja kamar na Inna. Na yi wa Allah godiya a zuciyata. Faranti bayan faranti, zufa na zuba, maƙogwaro ya bushe, har azahar ta wuce. Na cika manyan kwalla uku. Kowa na azumi, ba wanda ya ɗanɗana, ni ma ido kawai na sa.

Da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida. Yayar mijina ce ta zo sallah gida daga Birnin Kebbi. Mijinta na cikin ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato da aka ba mu jiha, suna zaune a gidan gwamnati mai murhun gas. Ta shigo da gwangwanayen biskit da wani kek mai fari a kai wanda ta gasa da kanta. Na durƙusa na gaishe ta. Gwaggo ba ta bari ta huta ba, ta ja ta zuwa rumfa ta ga aikin amarya. Yaya ta ɗaga murfin kwalla, ta sunkuya, sai ta ja da baya kamar an watsa mata ruwa.

"Amarya, mi kis soya cikin man ga?"

"Kanumfari na, Yaya."

"Kanumfari? Albasa ta! Wallahi albasa ta, tun daga nan nike jin ta."

Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta kai hanci, ta juya ta, ta sake shinshinawa. Ta ce, "Ni ban ji komi ba."

"Ina za ki ji, Gwaggo? Ke da ko turaren Makka anka shafa miki, kahin la'asar ya koma albasa."

Matan da ke wurin suka bushe da dariya. Ni ma na shinshina, ban ji komai ba sai riɗi da sukari. Na ce a raina iyayin mutanen birni ne kawai. Sai da aka kira magariba, na ci dabino na sha ruwa, na ɗauki gireba ɗaya na koma bayan ɗaki na gatsa. Da farko zaƙi ne, sai riɗi, ta narke a baki yadda ake so. Ina haɗiyewa sai abin ya taso daga can ƙasan maƙogwaro ya fito ta hanci. Albasa ce, ba ko shakka. Nan take na tuna benci da buhu da ƙofar da na ja da hannuna. Ashe fulawa na shan warin abin da ta zauna da shi. A Jega ba wanda ya taɓa gaya mini, don a Jega ba mai ajiye gari a ɗakin albasa.

Da na fito, Yaya ta kalli fuskata ta gane. Ta ce, "Kin ji ko? To a zuba wa awaki. Ga biskit na kawo, a raba a kwanoni. Ba a hita da abin kunya daga gidan ga, a tai ana faɗin mu ƙauyawa na."

Maza suka fita bakin gona duban wata, suka dawo ba su gani ba. Rediyo ma ta ce a cika talatin. Allah ya ƙara mini kwana ɗaya ke nan, kuma kowa ya ɗauka an san abin da zan yi da shi.

Da safe maigida ya tsaya a ƙofar ɗakina riƙe da makullin babur. Ya yi ƙasa da murya ya ce zai tafi Aliero ya sawo sabuwar fulawa, in sake yi, waccan kuma a san yadda za a yi da ita ba tare da surutu ba. Nufinsa alheri ne, ya ga idona ya kumbura. Amma tun da na idar da sallar asuba nake zaune da maganar awakin nan, ta ƙi wuce mini. Na tuna man da Gwaggo ta matse da tsofaffin hannuwanta. Na tuna bisimillar da na yi a kan kowane faranti, da salatin da na ja a gaban wuta da bakin azumi. Abin nan bai ruɓe ba, bai ƙone ba, ba haram a cikinsa. Laifinsa ɗaya, yana warin abin da gidan ke ci da shi, yake sutura da shi. Na ce wa maigida ya ajiye makullinsa.

Na fita tsakar gida. Yaya na zaune kan tabarma tana tsefe kai, Gwaggo na gyaran shinkafa. Na durƙusa, ni da ban taɓa mayar wa babba magana ba.

"Yaya, ki yi haƙuri da abin da za ni hwaɗi. Ba ni zuba wa awaki abin da niy yi wa bisimilla. Kuma ba ni sake wata. Kuskure nawa na, na ɗauka. Amma wagga ita za ta hita."

Ta ajiye matsefi. "Ke 'yar Jega, wata nawa kika yi gidan ga da za ki ja da ni?"

"Ban ja da ke ba, Yaya. Abinci nika jin kunyar wulaƙantawa."

"To madalla, malama. Mutanen garin ga dai ba su da hanci, kin samu banza. In kin isa, ki kai wa uwarki ta ci. Ai an ce ita ag gwana."

Maganar ta soke ni, don can ne tsorona yake tun jiya. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko kwanon da ya fi kowanne kyau a jerena, na zo gabanta na cika shi da gireba har baki, na rufe. Na ce, "Na Inna na. Shi niz fara cikawa."

Gwaggo ba ta ɗago daga shinkafarta ba. Ta ce wa 'yarta, "Biskit a ba yara su ci. Kwano kuwa na amarya za shi hita. Albasar ga da kike toshe wa hanci, ita ta rene ki, ita ta aurad da ke. In kin manta, ni ban manta ba."

Yaya ta tashi ta shige ɗaki. Allah ya jiƙanta, ba muguwa ba ce, daga baya mun yi zaman amana har ta rasu. Sabuwar shiga ce cikin matan manyan ma'aikata, tana tsoron a ji mata warin gida. Na ga irin wannan tsoro a wurin mutane da yawa tun daga lokacin, har a cikin 'ya'yana, masu jin nauyin a ce uwarsu na gasa abu cikin ƙasa.

Ranar sallah kwanoni suka fita. Na zauna a ɗaki cikin sabon zane, ina kasa kunne duk lokacin da aka yi sallama. Kwanonin suka dawo, wani da goro, wani da ƙwai, kowanne da sa albarka. Wata tsohuwa ta tako da sandarta ta zo da kanta, wai a nuna mata yarinyar da ta mai da ƙasa tanda. Duk garin ba wanda ya ji komai. Yaya ta faɗi gaskiya, hancinsu ma ya fi nawa mutuwa. Shi ya sa yabon bai kwantar mini da hankali ba. Kwanon Inna na nan a kan jere, rufe, yana jirana. Inna kuwa mace ce da daga ƙofar gida take gane man da aka soya abu da shi sau biyu.

Rana ta uku da sallah maigida ya ɗauke ni a babur zuwa Jega, kwanon a cinyata. A hanya shaiɗan ya yi ta raya mini dabaru: in ce na manta shi, in raba wa yaran bakin titi, in ce babur ya yi tsalle ya zube. Ba wanda zai sani. Na ƙara damƙe shi, na ce tunda na cika shi a gaban mutane, a gaban mutane za a buɗe shi.

Na tarar da tsakar gidanmu cike da 'yan'uwa mata. Bayan gaisuwa na ajiye kwanon gaban Inna na koma gefe. Ta buɗe. Ta ɗauki ɗaya ta kifa ta duba gindinta, ta karya ta kusa da kunne, sannan ta kai hanci. Hannunta ya tsaya. Na sunkuyar da kai, ina kallon zanen tabarma. Na ji ta gatsa, ta tauna a hankali, ta cinye duka.

"Salati nawa?"

"Ɗari uku, Inna."

"Ina kika aje hulawa?"

"Ɗakin albasa."

"Kwana nawa?"

"Sha huɗu."

Wata ƙanwar mahaifina ta fara dariya, Inna ta dube ta, ta haɗiye abarta.

"Yaushe kika gane?"

"Da shan ruwa, ran ashirin da tara. Ba a ga wata ba, an so a sawo mini wata hulawa in sake."

"Wagga fa?"

"An ce a ba awaki."

"Kika ce mi?"

"Na ce a'a."

Inna ta dube ni ta ce, "Sakarya. Baɗi ki rataye hulawa cikin ɗakinki, ki ɗaure bakin buhu." Na ce to. Idona ya cika, na ɗauka hukuncin ke nan.

Sai ta kira a miƙo mata farantin zaure. Faranti ne na tangaran da ake kai wa mahaifina, wanda take kira Malam, da malaman da ke zuwa masa gaisuwar sallah, kuma tunda na yi wayo ban taɓa ganin girebar wata mace a kansa ba sai ta Inna. An riga an jera tata a kai. Ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya ta mayar cikin kwalla, ta jawo kwanona, ta jera nawa da hannunta, gindi ƙasa, riɗi sama.

Ta ce, "A kai wa Malam. In sun tambaya, a ce girebar Kashin Zama ta, ɗiyata tag gasa."